Yadda Iska Ke Soya Abinci

Cikin 'yan shekarun nan wata na'ura ta shigo sahun kayan kicin, har ta fara samun gurbi a jeren amare kusa da bilenda da tukunyar shinkafa ta lantarki. 'Yan kasuwa suna ce mata eya-firaya, mu kuma a nan za mu kira ta tukunyar iska. Alƙawarin da ke jikin kwalinta mai daɗin ji ne: a soya dankali ko kaza ko kifi da cokali ɗaya na mai. Sai dai gidaje da dama sun saye ta da ɗoki, aka gwada sau ɗaya ko biyu, dankali ya fito fari fat a bushe, ko kaza ta ƙone a sama alhali akwai jini kusa da ƙashi, sai aka mayar da ita kwali aka ɗora saman kabad. Galibi lafiyar na'urar ƙalau. An yi mata kallon kaskon suya ne, ita kuwa aikinta ya fi kusa da na tanderu. Wanda ya gane abin da ke faruwa a cikinta bayan an tura kwando an murɗa lokaci, zai iya ƙirƙiro yawancin dabarun da kansa.

Tunanin sa fanka a cikin tanderu ya girmi na'urar nesa ba kusa ba. A 1945 wani mai ƙere-ƙere Ba'amurke, William Maxson, ya fito da tanderun lantarki mai fanka domin ɗumama daskararren abinci a cikin jirgin sama. Daga baya manyan gidajen burodi da na abinci suka rungumi irin wannan tanderu, saboda yana gasa abu da sauri kuma bai ɗaya. Wanda ya matse wannan tunani ya koma 'yar tukunyar da za ta zauna a kan kanta shi ne wani ɗan ƙasar Holan, Fred van der Weij. A ƙasarsu soyayyen dankali abincin yau da gobe ne, shi kuma yana neman hanyar yin sa ba tare da an tsoma shi cikin mai ba. Kamfanin Philips ya karɓi ƙirar, ya nuna ta ga duniya a bajekolin kayan lantarki na IFA a birnin Balin na Jamus a 2010, da sunan Airfryer. Wasu kamfanoni suka biyo baya da nasu samfurin, farashi ya sauko. Zaman gida na annobar korona a 2020, lokacin da gidajen abinci suka rufe kowa ya koma girki da hannunsa, ya ƙara yaɗa ta.

Kafin a fahimci na'urar sai an fara duba suyar da aka saba. Idan aka zuba yankan dankali cikin man gyaɗa mai zafi, zafin man yakan kasance tsakanin digiri 170 da 190 a ma'aunin Salshiyos. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa ya zama tururi. Da zarar dankalin ya nutse, ruwan da ke bayansa sai ya tashi nan take. Ƙarar cuuu da kumfar nan da ake gani ruwan jikin dankali ne ke ficewa, man bai tafasa ba. Cikin 'yan mintuna bayan dankalin ya bushe ya yi ɓawo, cikinsa kuma yana dahuwa da tururin kansa. Soyayyen abu ke nan: baya busasshe, ciki turarre. Aikin mai shi ne kai zafi da sauri ta kowane ɓangare a lokaci guda. Yawancin man da abinci ke sha kuwa bayan an tsame shi yake sha, lokacin da tururi ya daina fita, man da ke kwance a kai ya tsotsu cikin ƙananan ƙofofin da ruwa ya bari.

Jan launi da ƙamshin suya daga wani haɗi suke fitowa, tsakanin sukarin da ke cikin abinci da sinadaran furotin. Wani masanin kimiyya Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana shi a 1912, kuma har yau da sunansa ake kiransa. Shi ke ba ɓawon burodi launinsa, shi ke sa gasasshiyar gyaɗa ƙamshi. Haɗin ba ya kankama sosai sai zafi ya kai wajen digiri 140. Muddin kuwa akwai ruwa a bayan abinci, zafin wurin ba zai wuce 100 ba, domin duk zafin da ya iso wajen tafasa ruwan yake ƙarewa. Shi ya sa nama ba ya yin ja a cikin romo komai daɗewarsa a wuta. A riƙe wannan, domin rabin dabarun tukunyar iska daga nan suka samo asali.

To, tunda zafi da bushewa ake nema, me zai hana iska ta yi aikin mai? Matsalar ita ce iska ba ta da jiki. Lita ɗaya ta man gyaɗa ta haura giram 900, lita ɗaya ta iska kuwa da ƙyar ta wuce giram 1. Abin da ba shi da nauyi ba ya ɗaukar zafi mai yawa. Mai gashin burodi yana zura hannu cikin tanderu mai digiri 200 ya fito da shi lafiya lau, amma ɗigo ɗaya na man suya ya isa ya tayar da bororo. Ƙari a kan haka, a tanderun da iska ke tsaye, wadda ke manne da jikin abinci takan huce, ta cika da tururi, ta zama shamaki tsakanin abincin da zafin da ke kewaye. Maganin wannan shi ne motsi. Duk wanda ya taɓa shanya ya san haka: wankin da ke yini a kan igiya ranar damina da iska ta ɗauke, da hunturu kafin a gama ɗauraye na ƙarshe na farko ya bushe ƙamas. Iska mai gudu tana kwashe danshi, tana kawo sabuwa busasshiya a madadinsa. Idan kuma iskar nan zafinta digiri 200 ne, bayan abinci zai bushe da wuri, zafinsa ya haura 140, launi ya fara fitowa kafin ciki ya ƙeƙashe.

Ginin na'urar duk a kan wannan aka yi shi. Idan aka zaro kwandon aka leƙa sama, za a ga murɗaɗɗen ƙarfe irin na risho mai lantarki, wanda ke yin ja idan wuta ta bi ta cikinsa. A bisansa akwai fanka mai ƙarfi. Kwandon yana da huda-huda a ƙasa domin iska ta ratsa, a ƙarƙashinsa kuma akwai tasa da ke tare kitse da burbushi. Ƙasan tukunyar Philips an yi masa tudu-tudu mai siffar tauraro don ya juyo da iskar sama ta ƙarƙashin abinci. A baya akwai mafitar tururi. Da yake cikin ɗan ƙarami ne, minti biyu zuwa uku ya isa ya ɗauki zafi, saɓanin babban obin da kan ci minti goma ko sha biyar. Abu ɗaya da ƙirar ba ta iya kawarwa ba shi ne, tushen zafin a sama yake, don haka saman abinci kullum ya riga ƙasansa yin ja.

Dabara ta farko ita ce a busar da abinci kafin ya shiga. Dankalin da aka wanke a tsane shi, a goge da tsumma mai tsabta. Kazar da ta kwana cikin kayan ƙamshi a ɗaga ta ruwan ya zuba. Duk ɗigon ruwan da aka bari minti ne da na'urar za ta ɓata tana tafasa shi, ciki kuwa yana ta dahuwa yana bushewa.

Ta biyu, a sa mai, amma ɗan kaɗan, kuma a jikin abincin. Masu cewa ba a buƙatar mai ko kaɗan sun faɗi gaskiya a kan cinyar kaza mai fata da nama mai kitse, waɗanda ke fitar da nasu. Dankali da doya da awara ba su da kitsen da za su fitar, idan aka sa su haka nan sai bayansu ya yi tauri ya yi fari-fari, ba daɗin tauna. Siririn mai a jikin abinci yana baza zafi daidai, yana riƙe yaji, yana kuma kawo ɗanɗanon da harshe ya sani a matsayin suya. Babban cokali ɗaya ya isa rabin kilo na dankali. A zuba a roba, a cuɗa da hannu har kowane yanki ya yi sheƙi, sannan a juye cikin kwando. Man gyaɗa ya dace domin yana jure zafi. Zuba mai a tasar ƙasa ba ya amfana komai, hayaƙi kawai zai jawo.

Ta uku ita ce wadda aka fi karyawa: kada a cika kwando. Inda yanka biyu suka haɗu iska ba ta ratsawa, tururi ya taru, wurin ya yi laushi. Nama da kifi da samosa a jera su shimfiɗa ɗaya, da 'yar tazara a tsakani. Dankali yana iya hawa kan juna kaɗan, da sharaɗin a zaro kwandon a girgiza kowane minti biyar. Zaro kwando ana tsakiyar aiki ba laifi ba ne. Yawancin na'urorin suna tsayawa da kansu su ci gaba idan an mayar, zafin da ya fita kuma nan da nan yake dawowa. Zubi biyu masu sarari sun fi zubi ɗaya cunkushe kyau, kuma sau da yawa lokacin da suke ci bai fi nasa da yawa ba.

Sai mu shiga girki, mu fara da dankalin Turawa tunda dominsa aka ƙera ta. A fere, a yanka tsaye kaurin ɗan yatsa, a yi ƙoƙari kaurin ya zo ɗaya don kada sirara su ƙone kafin masu kauri su nuna. A jiƙa cikin ruwan sanyi na rabin awa. Za a ga ruwan ya yi fari-fari. Sitacin da ke bayan dankalin ne ya fita, wanda in an bar shi zai manne yanka da yanka ya kuma sa su yi duhu da wuri. A ɗauraye, a busar sosai, a cuɗa da mai. A kunna na'urar ta yi minti uku babu komai, sannan a zuba. Minti 15 a digiri 180 ana girgizawa, sai a ɗaga zuwa 200 na minti biyar. Kashin farko na dahuwar ciki ne, na biyu na ɓawo. Gishiri sai an sauke, domin yana jawo ruwa waje. Kuma a ci da zafinsa, don dankalin iska ya fi na mai saurin yin laushi idan ya huce.

Doya tana son wani bi daban. Ba ta da ruwa kamar dankali, idan ta shiga ɗanya sai ta fito ƙandas tana shaƙe maƙogwaro. A yanka ta, a tafasa cikin ruwan gishiri na minti biyar, a tsane har tururin ya gama tashi, a shafa mai fiye da na dankali kaɗan, a ba ta minti 12 zuwa 15 a digiri 190. Dankalin Hausa da nunanniyar agade kuwa sukari ne da su, saurin ƙonewa gare su. Digiri 180 ya ishe su, agade minti 10 zuwa 12 tare da juyi ɗaya, kuma a shafa wa kwandon mai don tana mannewa.

A kan kaza ne girke-girken da ake gani daga waje suka fi ɓatar da mutane, domin da kazar gidan gona aka auna su, mai taushin nama wadda ake yankawa tana da 'yan makonni. Irin wannan tana shiga ɗanya. A tsattsaga cinyoyin har kusa da ƙashi, a shafe su da dakakkiyar citta da tafarnuwa, masoro, kori, ɗanɗano da gishiri da cokalin mai, a bar su awa biyu ko su kwana a firji. A jera su fata tana ƙasa, digiri 180, minti 12, a juya, a ƙara minti 10 zuwa 13. Kaza ta nuna idan zafin tsakiyar namanta ya kai digiri 74. Mai ma'aunin zafi na girki ya soka a wuri mafi kauri ba tare da ya taɓa ƙashi ba. Wanda ba shi da shi ya tsaga kusa da ƙashi ya tabbatar ruwan da ke fitowa garau yake, babu ja. Kazar Hausa da zabo kuwa sun yi yawo, namansu ya yi jijiya, kuma jijiya ba ta saki sai da doguwar dahuwa cikin ruwa. Busasshiyar iska ƙara mata tauri take yi. Don haka a bi hanyar da iyayenmu mata suka saba: a tafasa da albasa da kayan ƙamshi har ta yi laushi, a tsame, a bari ta sha iska, a shafa mai, sannan a ba ta minti takwas zuwa goma a digiri 200. A nan tukunyar iska ta maye gurbin kaskon ne kawai, tafashen yana nan daram. Haka naman rago da na sa.

Tsire yana fitowa da kyau fiye da yadda ake zato. A samu nama marar jijiya, a yanka shi fale-fale, a shafa man gyaɗa, a birkiɗa cikin garin ƙuli-ƙuli da aka haɗa da citta, barkono da gishiri, a tsira a tsinken da aka rage tsawonsa daidai kwando. Digiri 190, minti takwas zuwa goma, a juya a tsakiya a ɗan ƙara shafa mai. Ƙuli yana da saurin ƙuna, kuma wanda bai manne ba fanka na kwashe shi, saboda haka a danna shi sosai a jikin naman, ragowar yajin kuma a barbaɗa bayan an sauke, tare da albasa da tumatir. Abin da ba za a samu ba shi ne ƙamshin hayaƙin itace na tukubar mai tsire. Wannan daga wuta yake zuwa, na'urar kuwa ba ta da harshen wuta.

Karfasa matsakaiciya a wanke, a goge ta sosai, a tsaga jikinta sau uku kowane gefe, a cusa yaji cikin tsagar, a shafa mai a jikinta da kwandon. Minti 15 zuwa 18 a digiri 190. Kada a yi gaggawar juyawa. Fatar kifi tana sakin kwando da kanta idan ta yi ɓawo, kafin nan kuwa yagewa take yi. Awara ma ta karɓi na'urar hannu bibbiyu. A danne ta ruwan ya fita, a yanka, a cuɗa da mai da ɗan gishiri, minti 12 zuwa 15 a digiri 190, a girgiza sau biyu. Wanda ya san yadda awara ke shan mai a kasko zai ga bambanci tun daga takardar da aka ɗora ta a kai. Samosa da sifirin-rol da aka ajiye a firiza ba sai sun saki ba, a shafa musu mai da buroshi, minti takwas zuwa goma a digiri 180.

Akwai abin da ba ta iyawa, kuma dalilin a fili yake. Ƙullin ƙosai ruwa-ruwa ne. A kasko, mai ne ke tallafe shi ta ko'ina ya daskarar da bayansa cikin daƙiƙu, iskar da aka buga a cikinsa ta kumbura shi ya taso. A kwandon tukunyar iska babu abin da zai tallafe shi, ta huda-hudar zai tsiyaye. Idan aka zuba shi a ƙananan gwangwanaye zai dahu, amma abin da zai fito ya fi kusa da gasasshiyar alala. Haka fanke da duk abin da ake tsomawa cikin ƙulli mai ruwa. Mai son ɓawo a jikin kaza ko kifi sai ya bi ta busasshiyar hanya: a birkiɗa cikin fulawa, a tsoma cikin ƙwai, a birkiɗa cikin garin busasshen burodi, a danna, a shafa mai ko'ina, domin duk inda mai bai taɓa ba fari zai fito. Abubuwa marasa nauyi, irin ganye ko yankan burodi siriri, fanka na ɗaga su zuwa jan ƙarfen nan su ƙone.

Wani aikin da ba a cika tallata ta da shi ba, ga shi kuwa ta ƙware a kai, shi ne ɗumame. Masa, gurasa, fanken jiya ko ragowar soyayyar kaza, minti uku zuwa huɗu a digiri 160 na mayar musu da ɓawonsu. Ɗanyar gyaɗa ma tana gasuwa a wannan zafin cikin minti 10 zuwa 12 ba tare da yashi ba. A sauke ta tun kafin ta kai launin da ake so, don tana ci gaba da gasuwa da zafin jikinta.

Duk lokutan nan kusantarwa ce. Na'urori sun bambanta a ƙarfi da faɗi, wutar da ke zuwa gida ma wani lokaci ba ta cika ba. A karon farko a riƙa dubawa minti uku kafin lokacin da aka faɗa. Wanda yake da girkin obin da ya saba, ya rage wajen digiri 20 daga zafin, ya rage kashi ɗaya cikin biyar na lokacin, ya fara daga nan.

Batun wuta yana buƙatar a yi lissafi tun kafin saye. Yawancin na'urorin gida suna jan wat 1,200 zuwa 2,000. Mai wat 1,500 idan ta yi minti 20 tana aiki, ba za ta wuce rabin yunit a mita ba, wanda ba shi da yawa. Amma jan da take yi a lokaci guda babba ne. Ƙaramin janareta irin na shagon aski, wanda bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauke ta ba, haka ƙaramar inbata ta sola. A jona ta kai tsaye a soket ɗin bango, domin siririyar wayar ƙari mai araha tana iya yin zafi ta narke. Wanda aka aiko wa da ita daga Amurka ko Kanada ya duba rubutun da ke ƙarƙashinta: can wutar gida bolt 120 ce, a Nijeriya da Nijar da Gana kuwa 220 zuwa 230, jona ta haka nan ƙona ta ne. Ta Ingila da sauran Turai ba ta da wannan matsala.

A bar tazarar taƙi guda tsakanin bayanta da bango, nesa da labule da leda, saboda tururin da ke fita yana da zafi ƙwarai. Takardar gashi ana iya shimfiɗa ta, amma sai da abinci a kanta ya danne. Idan aka sa ta ita kaɗai ana ɗumama na'ura, iska za ta manna ta da jan ƙarfe ta kama wuta. Farin hayaƙi yayin gasa nama mai kitse alama ce kitsen da ya ɗiga ƙasa yana ƙuna, cokali biyu na ruwa a tasar ƙasa yana kwantar da shi. Shafen hana kamu da ke jikin kwando ba ya fara lalacewa da zafi sai wajen digiri 260, yawancin na'urorin kuma a 200 suke tsayawa, don haka abokin gabarsa cokalin ƙarfe ne da soson waya. A jiƙa kwandon cikin ruwan ɗumi da sabulu, a wanke da soso mai laushi bayan kowane girki. Lokaci-lokaci, bayan an cire filogi ta huce, a goge maiƙon da ya fantsama saman, inda ƙarfen yake.

A fannin lafiya, ragin mai gaskiya ne. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, babban cokali ɗaya wajen 120. Philips ya tallata na'urarsa da cewa tana rage kitse har zuwa kashi 80 cikin ɗari, amma wannan kwatanci ne da ɗanyen dankalin da aka tsoma cikin mai. Daskararren dankalin leda an riga an soya shi a masana'anta, kitsensa yana jikinsa, gishirin tsire da sukarin cincin ma babu inda suke zuwa. Wata fa'ida da ba a cika ambata ba ita ce an huta da man da ake maimaita suya da shi har ya yi baƙi. Sai kuma batun akirilamaid, wani sinadari da masu bincike a Suwidin suka sanar a 2002 cewa yana samuwa a abinci mai sitaci idan zafi ya haura digiri 120. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da mai yiwuwa ne suna haddasa cutar. Daga haɗin nan na Maillard yake fitowa, saboda haka yana samuwa a kasko, a obin, da tukunyar iska baki ɗaya. Jiƙa dankali kafin gashi yana rage shi, haka sauke shi yana ruwan zinariya kafin ya yi duhu.

Bayan duk wannan, ga yadda nake ganinta. Dankalinta bai kai na kasko ba, wanda ya ce ya kai ya yi wa harshensa alfarma. Amma kaza, kifi, awara da ɗumame, tana yin su yadda babu abin kushewa, babu fantsamar mai, babu tsayuwa a gaban wuta. Ta dace da gidan mutum biyu zuwa biyar da ke samun wuta gwargwado, da ɗalibi ko ma'aikacin da ke zaune shi kaɗai, da wanda likita ya ce ya rage maiƙo. Gidan da ake buɗa-baki mutum goma sha biyar, ko ake suyar ragon layya, babban kasko bai da magaji tukuna, domin kwandon da ke ɗaukar cinya huɗu ko biyar a zubi ɗaya zai kai mai girki har bayan isha'i.

Mai niyyar saye kada ya tsaya ga adadin litar da aka rubuta a kwali. Tunda shimfiɗa ɗaya ake jera yawancin abinci, faɗin ƙasan kwando shi ne girman na'urar na gaskiya, zurfi bai cika amfani ba. Kwando mai kusurwa huɗu ya fi zagayayye ɗaukar kaya ko da litarsu ɗaya. Mai lita biyu zuwa uku ta mutum ɗaya ce ko biyu, iyali kuwa su nemi mai lita biyar zuwa shida. A zaro kwandon tun a shago, a auna da ido ko karfasa guda za ta kwanta a ciki ba tare da an yanke mata wutsiya ba, a kuma sa mai shagon ya jona ta a ji fankar tana juyawa kafin a biya kuɗi.